Shekarar da Na Kankare Ɗakin Inna

Bilkisu, ke da ƙannenki ku ajiye wayoyin nan ku karanta wannan da kyau, don ba kullum ubanku yake ba da labari bai zuba masa gishiri ba. Na san wanda kuka tashi da shi. An ce muku Ɗanjuma dillalin kasuwar Katako, mutumin da ya taɓa sayar wa wani Alhaji ƙofar da ya kawo gyara, shi ne ya kankare bangon ɗakin uwarsa ya sayar wa masu sayen ma'adinai, tsohuwa ta yi zuciya ta bar masa gidan. Gwaggonku Asabe ta fi kowa iya ba da shi, har da hawaye a daidai inda ya kamata. Maganar ƙofar Alhaji gaskiya ce, kuma sai da ya yi mini godiya. Maganar ɗaki kuwa, ga yadda aka yi.

Gidanmu na unguwar Kwararafa kakanku Tanimu ne ya gina shi, lokacin yana hedima, wato shugaban leburori, a wurin haƙar kuza. Da zai auri Inna ba shi da halin fenti, amma yana da girman kai na mutum goma. Sai shi da amininsa Baba Pam, wani Birom da suka fara leburanci tare, suka je bayan injin tace kuza suka kwaso baƙin yashin nan da ake zubarwa bayan an cire abin da ake so. Ku ba ku san shi ba. Yashi ne mai nauyin tsiya, ka cika kwano ɗaya ka ɗaga sai ka ji kamar ka ɗauki dutsen niƙa, baƙi wuluk, amma da rana ta taɓa shi sai ya hau ƙyalli kamar an farfasa madubi a ciki. Suka kwaɓa shi da ɗan siminti suka shafe ɗakin amarya daga ƙasa har sama. Na sha gaya muku har daga Bauchi ake zuwa kallon ɗakin. To, ku rage, daga nan unguwar Gangare dai an zo. A cikinsa Inna ta tare, a cikinsa ta haife mu, kuma bayan Baba ya rasu da tarin nan nasa da muka ɗora wa taba laifi, ɗakin ne ya zama mata shi. Idan tana jin kewarsa sai ta jingina bayanta da bango ta yi shiru.

Da ɗakin ya tsufa sai ya fara zubar da gari. Ba irin ɓarɓashin bango da kuka sani ba, wannan ya fi hodar mata laushi. Inna ta share da safe, kafin azahar ya sake kwanciya a kan murafen kwalla da kan gado. Muna yara idan muka jingina, mu fito waje bayanmu yana walƙiya, yaran layi suna ce mana 'ya'yan aljanu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hasken da yake shigowa ta 'yar tagar nan. Ka tsaya ka kalle shi, za ka ga garin yana yawo a ciki, yana juyawa a hankali, ba iska ba komai, kuma ba ya sauka. Ƙurar ko'ina tana gajiya ta kwanta, ta ɗakin Inna tana tsaye a sama kamar tana jiran wani ya buɗe baki.

Shekarar da nake ba ku labari, gari bai gama hucewa daga rikici ba, kowa ya san layin da zai bi da wanda ba zai bi ba. Iyayen mamanku Rabi sun tattara sun koma Kano. A shekarar ce Allah ya ba ta ciki, bayan mun yi jiran da har abokaina na kasuwa suka daina tsokanata, kun san kuwa idan 'yan Katako suka daina tsokanar mutum to sun fara jin tausayinsa ne. Ke ce a ciki, Bilkisu. Cikin fari ne, al'ada ta ce ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ni kuma hanyar Kano a lokacin ba ta kwanta mini ba. Ina cikin lissafi Inna ta yanke.

"Ba ta da uwa a kusa? Ni mece ce a gidan nan, turmi? Ta kwaso kayanta ta dawo ɗakina. Kai kuma kada in ga ƙafarka a ƙofar sai da sallama."

Haka Rabi ta koma ɗakin Inna, ni na koma gwauro a gidana. Ba a daɗe ba aka fara jin abu a bango. Da rana tsaka ne, bayan azahar, lokacin da Inna take fita zaure ta ɗan kishingiɗa, layi ya yi tsit. Ranar farko da na ji, na dawo ɗaukar tef ɗin awo da na manta. Ina tsakar gida sai na ji ƙar, ƙar, ƙar, a hankali, kamar wani yana ƙoƙarin fitowa daga cikin bangon da farce. Na yi gyaran murya, abin ya tsaya. Na yi shiru, ya ci gaba. Na leƙa, Rabi tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ta ce ita barci take ba ta ji komai ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga ramuka a bangon, daidai kan gado, ƙanana, masu santsi, zagayayyu kamar an auna. Ɓera ba ya aiki da tsabta haka, na san ɓeraye, da yawansu abokan cinikina ne. Na kafa tarko, ba abin da ya kama sai yatsana. Na aro kyanwa, ta shiga ta fito ta kalle ni ta haye katanga. Na daɗe ina cewa tsoro ta ji, gaskiya dai kyanwar raguwa ce tun asali. Amma ni na tsorata. Na jawo Inna na nuna mata, ina jiran ta ce a kira malam a yi hayaƙi. Ta sa yatsa a ɗaya daga cikin ramukan, ta shafa, ta daɗe tana shafawa.

"Ku bar shi," ta ce. "Ba komai ba ne."

Ta ɗauko wani tsohon zane ta rataya a wurin, magana ta ƙare.

Wata ranar na dawo da rana da gangan, na cire takalmi tun daga zaure, na bi sautin har bakin ƙofa na ɗaga labule. Mamanku ce durƙushe a kan gado, ta ɗage zanen, cokalin shayi a hannunta, tana kankarar bango tana tarawa a tafin hannu. Ta juyo. Leɓenta baƙi, haƙoranta suna ƙyalli a cikin duhun ɗakin. Wallahi sai da na ja da baya.

"Oga, kada ka gaya wa Inna," ta ce. "Ba na iya hanawa ne. Da na ji ƙamshinsa sai yawuna ya tsinke."

"Rabi, tuwon gidan nan ne bai ishe ki ba kika koma cin gidan kansa? Ki bar mana ko rufin, damina na tafe."

Muka yi dariya, hankalina ya kwanta. Wace mai ciki ce ba ta kwaɗayin ƙasa? Wata farar ƙasa take ci, wata bakin tulu take gatsa, tawa ta zaɓi mai walƙiya, ai matar dillali ce. Labari ya samu. Na kai shi kasuwa na yi ta sayarwa kyauta, kullum ramin yana ƙara girma a bakina, har na kai ga cewa yanzu muna gaisawa da maƙwabta ta cikinsa.

Ana haka sai ga Chundung a Katako ta zo sayen katakon da za a yi mata kanta. Ita ce 'yar Baba Pam, tare muka yi wasan ƙasa, ita ta bi boko har ta zama malama a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ni na bi kasuwa. Tun bayan rikici ba ta taka unguwarmu ba, ni ma ban leƙa tasu Anguwan Rukuba ba. Muka gaisa, na tsuga mata kuɗi, ta zage ni, na rage, sannan na ce bari in ba ta labarin matata ta yi dariya. Na ba ta da duk kayan haɗinsa. Ba ta yi dariya ba.

"Wane bango? Wanda babana da Baba Tanimu suka shafa?"

"Shi fa. Kin ga aikin iyayenmu, har ci ake yi."

"Ɗanjuma, tsaya da wasa. Tun yaushe take ci?"

Ta gaya mini ashe Baba Pam ma ya shafe nasu ɗakin da ragowar yashin, kuma bayan ya mutu da ciwon ƙirji ita da kanta ta sa aka kankare. Ta bar katakon a nan ta tafi, ta ce gobe in jira ta a bakin titi, ba za ta shiga layinmu ita kaɗai ba.

Washegari da hantsi na shigo da ita, ta yafa gyale kamar 'yar gida. Ta zo da wata 'yar na'ura kamar rediyo mai batir. Tun a titi ta kunna, abin yana cewa ƙas, ya yi shiru, can ya sake cewa ƙas, kamar tsohon da yake tauna goro da haƙori ɗaya. A zaure haka. A tsakar gida ya ɗan ƙara sauri. Inna ta tarbe ta da murna, 'yar Pam, 'yar Pam, ina mamanki, ta ja ta ɗaki don ta ba ta ruwa. Chundung tana ɗaga labule na'urar ta rikice. Kun san ƙarar gugguru idan ya kama fashewa a tukunya? To haka, ba tsayawa. Ta matsa jikin bango, ƙarar ta haɗe ta zama guda. Ɗakin da na sani tun ina rarrafe, shiru kamar masallaci bayan an watse, ashe duk shekarun nan surutu yake yi, mu ne ba mu da kunnen ji. Rabi ta dafe cikinta da hannu biyu. Na ce wa Chundung ta ɗora abin a kan cikin mu ji.

"Ba ya aiki haka," ta ce. "Wanda ya shiga ciki, wannan ba zai gaya maka ba."

Muka fito tsakar gida ta yi mana bayani, ni kuma zan faɗa muku yadda kaina ya ɗauka. Ta ce matsala biyu ce. Yashin kansa yana fitar da wani abu da ido ba ya gani, shi na'urar take ji. Amma wanda ya fi damunta garin ne. Ta ce ƙura mai girma jiki ya san maganinta, ka yi tari ko atishawa ta fita. Wannan kuwa da bango ya shekara yana niƙawa, a cikinsa akwai wanda ya yi ƙanƙantar da ba abin da yake tare shi, ya bi numfashi ya sauka can ƙasan huhu ya zauna, wani ya bi abinci, mafi ƙanƙanta har ya iya ratsawa ya shiga jini. Jikin mutum kuma, in ji ta, ƙananan ƙwayoyi ne aka jera kamar bulo, kowace ƙwaya da wani siririn zare a naɗe a cikinta, shi ne yake ɗauke da yadda za a ƙera mutum, suna ce masa di'en'e. Idan garin ya maƙale kusa da ƙwayar sai ya yi ta ƙona ta a hankali, yana tsinka zaren. Na ce to ai sai a mutu kawai. Ta ce a'a, jiki yana ɗinkewa, kullum cikin ɗinki yake, sai dai wani lokaci ya ɗinke a karkace. Da ta ga na yi zuru sai ta sauko Katako ta same ni.

"Kafinta yana da katakon gwaji da yake ɗorawa ya yanka ƙafar kujera, ko? In wannan ya ɗan gutsure, kujera nawa za ta fito da gutsure?"

"Duk wadda aka yanka da shi."

"To yaron ciki yanzu ake yanka shi. Ban ce ya samu matsala ba, ka ji ni da kyau. Zai iya fitowa lafiya lau. Zai iya nunawa bayan shekaru, zai iya ƙin nunawa har abada. Ba wanda zai rantse maka. Amma ta daina ci yau, ta bar ɗakin yau, ku je asibiti ku faɗa musu, bangon kuma a cire."

Inna tana zaune a kan tabarma tana jin komai. Na zaci za ta yi salati. Sai ta miƙe ta karɓe kofin ruwan daga hannun baƙuwa.

"'Yar Pam, ubanki ya ci tuwo a ɗakin nan ya fi a ƙirga. Yau kin zo da rediyo ki ce mini mijina guba ya shafa mini? Ki gaida mamanki."

A ranar na mayar da Rabi ɗakina. Ku ba za ku gane nauyin wannan ba. A ɗauke mai goyon ciki daga hannun tsohuwa, a unguwa irin tamu, daidai yake da a hau kan katanga a yi shela cewa ba a yarda da ita ba. Mata suka fara shigowa jaje kamar an yi mutuwa. Inna ta daina cin abincin da Rabi ta dafa. Ni kuma na ce a raina ai shi ke nan, an raba mai ci da abin ci, bango ya zauna da mai shi. A asibiti suka ba ta maganin ƙarin jini suka ce kwaɗayin zai ragu. Sai wata rana ina neman canji a gefen zanen mamanku, kun san nan ne bankinta, na kwance ƙullin na ga baƙin gari. Ta fashe da kuka. Ta ce idan Inna ta shiga wanka take lallaɓawa, ta ce tana jin ƙamshinsa tun daga ɗakina, ta ce har mafarkinsa take yi. Ranar ban yi wasa da kowa ba, 'yan kasuwa suka yi ta tambaya ko ba ni da lafiya. Da yamma na je na durƙusa a gaban Inna na ce zan kankare, zan shafe mata da sabon siminti in yi fenti kalar da take so.

"Ɗanjuma, tun kana yaro bakinka yake gaba da hankalinka, na haƙura. Wannan kuwa, ranar da ka sa ƙarfe a bangon nan, a jikina ka sa."

"Inna, jikanki ne a ciki."

"Ni ban haihu a ciki ba? Kai a bola na tsinto ka?"

Na ce mata jibi za a fara. Da safiyar ranar ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, ta ƙi yarda in riƙe mata, ta hau mota zuwa Bukuru wurin Asabe. Rabi na kai ta gidan wani abokina. Na samo leburori biyu, muka yi yadda Chundung ta ce, muka jiƙa bangon sharkaf don kada gari ya tashi, muka ɗaure hanci da tsumma, muna kankara muna durawa a buhu. Da muka zo fitar da kaya sai da muka haɗu mu uku kafin muka ja tsohuwar kabad ɗin Inna, wadda tun da na yi wayo ban taɓa ganin an matsar da ita ba. A bayanta na ga ramuka. Irin na Rabi sak, zagayayyu, masu santsi, sai dai waɗannan sun tsufa, yanar gizo ta rufe su, kuma sun fi nata yawa nesa ba kusa ba. Jere suke rukuni rukuni, kamar an yi wasu a wani lokaci, an bari, an dawo an yi wasu. A da can nan gadon Inna yake.

Akwai abin da ba a faɗa a gidanmu, ku ma ba a faɗa muku ba. Kafin ni da Asabe, Inna ta haifi wasu. Ɗaya bai zo da rai ba, sauran ba wanda ya kai yaye. Mutane suka ce wabi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe da rubutu har Allah ya tsayar da mu. Na tsaya a gaban ramukan nan da tsumma a hanci, na sa yatsa a ɗaya kamar yadda na ga ta yi. Sai a lokacin na gane abin da 'yar Pam ta faɗa mata a tsakar gida ba tare da ita 'yar Pam ɗin ta sani ba. Kuma na gane ni ma da bangon nan aka yi ni. Leburori suna jira, ɗaya ya ce Oga a ci gaba? Na ce a ci gaba.

Buhunan muka jera a ƙofar gida, tifa za ta zo ta kai su wani tsohon rami mai nisa a binne. Direba ya ce la'asar, kun san la'asar ɗin direban tifa. Na tafi masallaci, na biya ta wurin mamanku, ina dawowa na tarar an farke buhuna ana wawaso. Mata da kwanoni, magina da baro. Baƙin yashin kuza ne fa, kowa ya san ba abin da ya kai shi riƙe zafi wurin suyar gyaɗa, ba abin da ya kai shi kyau a filasta, ga shi an daina samunsa a banza. Na hau ihu ina cewa guba ne, ku dawo da shi, yana shiga jini yana tsinka zaren da aka ɗinka mutum da shi. Suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa har da riƙe ciki.

"Kai Ɗanjuma ba ka gajiya! Jiya matarka ta cinye bango, yau kuma bango ne yake cin mutane?"

"Ku bar shi," in ji wani magini. "Ya samu mai saye ne, shi ya sa yake so mu dawo da shi."

Daga bakin wannan maginin labarin da kuka sani ya fito. Na bi gida gida, wasu suka dawo da shi don kunya, da yawa suka rantse ba su ɗauka ba. Abin da ya rage tifa ta kwashe. Sauran yana nan cikin garin nan, a bangon wani, a kaskon wata. Shi ya sa ban taɓa saya muku gyaɗar bakin titi ba, kuna cewa rowa ce.

Watannin da suka rage ban san yadda na yi su ba. Kwaɗayin Rabi ya tafi da ta rasa abin kankara, amma ni kullum idona yana kan cikin. Idan kin motsa in ce me ya sa take motsi haka, idan kin yi shiru in ce me ya sa ta yi shiru. Na je Bukuru ban san sau nawa ba, Asabe ta tare ƙofa ta ce Inna tana barci, ina jin tarinta daga ciki. Ranar da aka haife ki da safe ne, a asibiti. Aka miƙo mini ke, na kasa karɓa, na ce wa nas ta fara dubawa tukuna. Ta ce Malam me zan duba, yarinya ce lafiyayya mai bakin ubanta, ba ka ji ihu ba?

Ban aika Bukuru ba, don na san ba za a karɓi saƙona ba. Amma washegarin da muka dawo gida, da hantsi, sai ga Inna a tsakar gida da ɗan ƙullinta. Ba ta amsa gaisuwata ba, ba ta kalli ɗakinta ba, ga shi ya sha fenti shuɗi yana ta ƙamshi. Ta wuce wurin Rabi ta zauna ta ce a ba ta. Ta kwance ki tsirara a kan cinyarta ta fara dubawa. Yatsun hannu ɗaya bayan ɗaya, na ƙafa, bayan kunne, ta bi ƙashin bayanki da babban yatsa tun daga wuya har ƙasa, ta buɗe bakinki ta leƙa, ta kara kunnenta a ƙirjinki ta daɗe tana saurare. Na ga unguwarzoma da yawa, ban taɓa ganin mai duba jariri haka ba. Wannan duban wadda ta san inda abin yake ɓuya ne. Da ta gama ta naɗe ki, ta tofa miki addu'a, ta miƙa wa mamanki. Sannan ta yi mini magana, idonta a ƙasa, karo na farko tun ranar da ta fita.

"Ka matsar da kabad ɗin?"

"Na matsar, Inna."

Ta gyaɗa kai. Rabi ba ta san zancen me ake yi ba, sai kallonmu take.

"Ita 'yar Pam ɗin, ta ce bangon ne?"

Ni da na iya ƙarya tun kafin in iya tafiya, ga wurin da ƙarya ɗaya za ta yi aiki, na buɗe baki na neme ta na rasa.

"Ta ce ba wanda zai iya rantsewa, Inna. Ko ita."

"To," ta ce. "A da, da wabi nake kwana, na saba da shi. Yanzu ka ba ni wannan."

Ta miƙe ta ɗauki ƙullinta. Na ce ta tsaya ko ruwa ta sha, ga ɗaki an gyara. Ta ce a Bukuru za ta yi azahar. Har ta kai zaure ta juyo, ta nuna ki da haɓa.

"Ko da sabon simintin, kada ka kwantar mini da ita a ciki."

Ta zo suna, ta zo na ƙannenki duka, kowanne sai ta kwance shi ta duba. Amma ba ta sake kwana a Kwararafa ba har ta koma ga Allah.